Labarin Gogayya

Duk wanda ya taɓa zuwa ɗiban ruwa a tsohuwar rijiya, irin ta ƙauyukan da ke kewaye da Acida a ƙasar Wurno, ya ga itacen da a kan gitta a bakinta. Masu gyaran rijiya ba su zaɓen itace mai taushi, sai mai tauri irin su ƙirya, wanda gatari ma ke shan wahala kafin ya kama shi. Amma in mutum ya duba da kyau, sai ya ga jikin itacen nan duk ya yi kwari, layi bayan layi, wani har yatsa ya kan shige ciki. Ba masassaƙi ya yi wannan aiki ba. Igiyar guga ce ta yi shi, igiyar nan ta kaba ko ta rama wadda ƙaramin yaro ke iya naɗewa a hannu. Kullum safe da maraice tana sauka tana hawa, kowane ja tana ɗebe wa itacen ɗan abin da ido ba ya gani. Ita ma ba ta tsira ba, gama kafin itacen ya yi kwari ɗaya an canja igiya ba iyaka.

Wannan abu da ke tsakanin igiya da itace shi masu ilmi ke kira gogayya. Duk sa'ad da abu biyu suka haɗa jiki, aka nemi ɗaya ya zame bisa ɗaya, sai wani ƙarfi ya taso tsakaninsu ya hana zamewar, ko kuwa ya rage mata sauri. Ba a ganinsa da ido, amma kowa ya san shi a hannu da ƙafa. Halin gogayya ɗaya ne kullum, watau gardama. In an ja buhu gabas, ita ta ja shi yamma. In an juya an ja shi yamma, sai ta koma gabas.

Me ke kawo ta? Dalili shi ne, duk duniya babu abin da ya ke sumul ƙwarai da gaske. Allon da aka kankare, da tasa, har da gilashin taga, in aka sa su ƙarƙashin madubin nan na likita mai ƙara girman abu, sai a ga fuskarsu duk tudu da kwari, kamar gonar da aka yi wa huɗa. In aka aza abu bisa abu, ba dukan fuskokinsu ke haɗuwa ba, sai kawunan 'yan tuddan nan kaɗai. A nan su ke sarƙewa, waɗansu ma su manne da juna. Kafin abu ya zame, tilas sai an ɓamɓare su, ko an karya su. Ƙurar da ke fita daga itacen rijiya kawunan tuddan nan ne da suka kakkarye. Saboda haka galibi abu mai kaushi ya fi mai santsi gogayya. An ce galibi ne domin akwai inda ba haka ba ne. Gilashi biyu da aka wanke tas aka busar su kan kama juna ƙwarai, don wurin da suka manne ya yi yawa.

Ranar kasuwar Acida mutane su kan taru daga Wurno, da Raba, da Goronyo, har daga Sakkwato. Wanda ya tsaya wajen 'yan hatsi ya kalli ɗan dako yana jan buhun gero bisa daɓe, zai ga abu na farko game da gogayya. Da fari ɗan dako ya kan dage, ya cije, buhu bai motsa ba. Can sai buhu ya saki, daga nan kuma jan ya yi sauƙi. Watau ta da abu daga inda ya ke zaune ya fi ci gaba da jansa wuya. Sa'ad da buhu ke zaune, 'yan tuddan nan sun sami sarari sun zauna cikin juna sosai. Da ya fara tafiya ba su samun wannan sarari, sai dai su taɓa juna su wuce. Jaki mai jan amalanke ma ya san haka. Wahalarsa tana wurin tashi.

Abu na biyu kuwa shi ne nauyi. In wani yaro mai wasa ya haye bisa buhun nan, nan da nan ɗan dako zai ji a kafaɗarsa, ko bai waiwaya ba. Nauyi ya danna buhu da daɓe, wuraren da suka manne sun ƙaru. In nauyi ya ninka biyu, gogayya ta ninka biyu. In ya ninka uku, ita ma haka.

Abu na uku shi ne mai ban mamaki, kuma ana iya gwada shi cikin aji ba tare da an sayi kome ba. A sami guntun katako mai faɗi a gefe ɗaya, siriri a ɗaya gefen. A buga masa ƙusa, a ɗaura danƙo irin na harbin tsuntsu. A kwantar da shi bisa tebur ta wajen faɗinsa, a ja danƙon sannu sannu, a auna da rula iyakar miƙewar da ya yi kafin katako ya motsa. Sa'an nan a kifa katakon ta siririn gefen, a sake ja. Yawancin yara za su ce yanzu jan zai yi sauƙi, tun da wurin da ya taɓa tebur ya ragu. Amma danƙo zai miƙe kusan daidai da na farko. Faɗi ya ragu, gaskiya ne, amma nauyin duka ya taru a ƙaramin wuri, ya danna shi da ƙarfi. Abin da aka rage a nan an mayar a can. In kuma aka aza wani katako irinsa bisa na farko, danƙo zai miƙe wajen ninki biyu.

Ba yara kaɗai wannan ya ruɗa ba. Wani mutumin Italiya, Liyonado da Binci, ya rubuta waɗannan ƙa'idodi cikin littafin ajiyarsa a 1493, amma ba a buga su ba, suka kwanta shekaru da yawa ba wanda ya sani. A 1699 wani Bafaranshe, Amonton, ya sake gano su. Da ya gaya wa manyan masana na Faransa cewa faɗi ba ya ƙara gogayya, sai suka yi shakka, har sai da aka sake gwadawa aka ga gaskiyarsa. Bayansa wani Bafaranshen, Kulom, ya yi gwaje-gwaje masu yawa da katako, da ƙarfe, da igiya, aka buga littafinsa a 1785.

Wanda ya ji wannan duka ya iya zaton gogayya abokiyar gaba ce, tun da ita ke cin igiya, ta suɗe takalmi, ta gajiyar da jaki. Amma da za a ɗauke ta daga duniya yini ɗaya, da ba wanda zai iya ko fita daga ɗakinsa. Mai tafiya ƙasa ya ke turawa baya da tafin ƙafarsa. Gogayya ta riƙe ƙafar kada ta zame, sai jiki ya yi gaba. Wanda ya ke son ya tabbatar da haka ya gangara fadamar Gulbin Rima da damina, bayan an ɗauke ruwa. Laka ta shiga tsakanin ƙafa da ƙasa ta cike 'yan kwarurrukan nan, ƙafa ba ta da abin kamawa. Ƙato mai ƙarfi sai a gan shi yana tafiya kamar mai koyon tatata, yana kafa yatsunsa cikin taɓo. Masunci kuma ya san wuyar riƙe tarwaɗa, don jikinta duk yauƙi ne. Shi ya sa mai gyaran ta ya kan shafa mata toka ko yashi tukuna. 'Yan kokawa ma su kan dumbuzi ƙasa su murza a hannu kafin su kama juna, don gumi ya sa jiki santsi.

Ƙullin igiya gogayya ke riƙe shi. Haka ƙusa cikin katako, da ƙota cikin fartanya, da zare cikin saƙa, da gyauton da mace ta ɗaura. Amma inda a ke ganin ƙarfinta sosai shi ne kara, wajen masu sayar da shanu. Bijimi ya fi mutum ƙarfi nesa ba kusa ba. In ya fizga, mutum ɗaya ba ya iya tsai da shi da igiya miƙe. To, mai wayo ba ya ja-in-ja da sa. Sai ya yi maza ya kewaya igiyar jikin turke ko kututture sau biyu ko uku, ya riƙe bakinta da hannu ɗaya, bijimi ya yi ta fizga a banza. Asirin abin shi ne, kowane naɗi ba ƙara riƙo ya ke yi kaɗan kaɗan ba, ninka shi ya ke yi. A misali, in naɗi ɗaya ya ninka riƙon mutum sau 5, naɗi biyu zai ninka shi sau 25, naɗi uku kuwa sau 125. Da wannan dabara ma'aikatan bakin teku ke ɗaure manyan jiragen ruwa. Sai dai mai yin haka ya kiyaye yatsunsa, kada su shiga tsakanin igiya da turke, don igiya ba ta san yatsa ba.

Ko cikin tsabar hatsi akwai gogayya. Mai awo in ya cika mudu da gero, ya kan ƙara har ya yi tozo, tozon kuwa ya tsaya bai zube ba. Da ruwa ne da ba ya tsayawa, gama ruwa ba ya tozo. Kowace ƙwayar gero tana riƙe da 'yar'uwarta. Amma riƙon yana da iyaka. In tsibi ya kai wani tsayi, kome aka ƙara sai ya gangaro. Busasshen yashi ya kan tsaya da gangare na wajen digiri 34, ba ya wuce haka da yawa. Masu gina madatsar ruwa suna lura da wannan ƙwarai. Madatsar Goronyo, wadda aka gama a 1984 bisa Gulbin Rima, da yashi da ƙasa aka tara yawancinta. Tsayinta mita 21, tsawonta kuwa kilomita 12 da rabi. Ba a yi jikinta a tsaye kamar bangon ɗaki ba, an kwantar da shi ne da gangare mai sauƙi, gindi ya fi kai faɗi nesa. Nauyin ƙasar, da riƙon da ƙwayoyinta ke yi wa juna, su ke tare ruwan da manoman shinkafa da albasa da tafarnuwa ke jira da rani.

Akwai inda a ke ƙara gogayya da gangan. Dutsen niƙa in ya daɗe yana aiki ya kan yi sulɓi, hatsi ya riƙa zamewa ba ya niƙuwa. Sai a kawo makoɗi a koɗa shi, watau a bubbuge fuskarsa har ta sake yin kaushi. Maƙeri yana da magagari, mahauci yana da dutsen washi. Dukansu gogayya suka sa aiki, ta ci musu ƙarfe daidai inda su ke so.

Duk inda aka yi gogayya kuma sai an sami zafi. Da sanyin hunturu yara su kan murza tafin hannu su ji ɗumi. Wanda guga mai nauyi ya kuɓuce masa, igiya ta zarce cikin hannunsa, ya san ƙunar da ta ke yi, har fata ta yi bororo. Ƙarfin da gogayya ta cinye ba ɓacewa ya ke yi ba, komawa zafi ya ke yi. Mutanen dā da ƙyastu su ke yin wuta, su ƙyasta ƙarfe jikin ƙanƙara, 'yan ɓarɓashin ƙarfe su fita da zafi su kama auduga. Ashana ma haka ta ke. Wani mai sayar da magani a Ingila, Jon Woka, shi ya fara yin ashanar ƙyastawa a 1826, ya soma sayarwa a 1827. Ɗan zafin da a ke samu wajen goga kanta ya isa ya ta da maganin da ke jiki.

To, inda gogayya ke ɓarna fa, yaya a ke rage ta? Hanya ta farko ita ce mirginawa. A koma ga katakon nan da danƙo, a jera fensir huɗu ko biyar ƙarƙashinsa, a ja. Danƙo ko miƙewar kirki ba zai yi ba, katako ya tafi. Abin da ke mirginawa ba ya karya tuddan nan, takawa ya ke yi ya ɗaga. Wannan shi ne amfanin ƙafar amalanke da ta baro. Buhu huɗu da jaki ba ya ko iya motsawa a ƙasa, sai ya tafi da su cikin amalanke daga gona har kasuwa. Cikin cibiyar ƙafar keke da ta babur kuma akwai waɗansu 'yan ƙwallaye na ƙarfe, makanikai na kiransu boris. Aikinsu ɗaya da na fensiran nan.

Hanya ta biyu ita ce mai. In an zuba mai tsakanin ƙarfe biyu, sai ya raba su, kowanne ya zame bisa mai maimakon bisa ɗan'uwansa. Ƙofar da ke kuka, da sarƙar keken da ta bushe, ɗigon mai su ke nema. Manomin fadamar Wurno mai injin ban ruwa, in yana da hankali, ba ya ta da shi sai ya duba baƙin mai. In mai ya ƙare, ƙarfe ya ci ƙarfe, zafi ya yi yawa, inji ya buga. Kuɗin mai kaɗan ne. Amma inji in ya tsaya tsakiyar rani, albasa ba ta jiran makanike. Jikin ɗan Adam ma Allah ya yi shi da nasa mai. Cikin gwiwa da sauran gaɓoɓi akwai wani ruwa mai yauƙi da ke hana ƙashi cin ƙashi. Yawu kuma shi ke sa loma ta wuce, miyar kuɓewa ta taimake shi.

Akwai wuri guda da ran mutum ke rataye ga gogayya kowace rana, shi ne bisa titi. Hanyar mota da ta taso daga Sakkwato ta bi ta Acida, ranar kasuwa kuwa ta kan cika da motoci, da babura, da dabbobi, da yara masu talla. Yara da yawa suna zaton direba in ya taka birki mota ta tsaya nan take. Ba haka ba ne. Birki wani abu ne mai kaushi da ke matse ƙarfen da ke juyawa tare da ƙafar mota. Gogayya ta farko ke nan. Ta biyu tana tsakanin taya da kwalta, wurin da kowace taya ta taɓa ƙasa kuwa bai fi tafin hannun babban mutum da yawa ba. Da waɗannan 'yan wurare huɗu a ke tsai da ƙaramar mota da duk mutanen da ke ciki.

Ga lissafin. Ƙaramar mota mai birki da taya masu kyau, bisa busasshiyar kwalta, in tana gudun kilomita 30 a awa, tana bukatar wajen mita 5 bayan birki ya kama. In gudu ya ninka ya zama kilomita 60, ba mita 10 ta ke bukata ba, wajen mita 20 ne, watau ninki huɗu. In ya kai kilomita 90, sai wajen mita 45. Ban da wannan kuma, tsakanin direba ya ga yaro da ya kai ƙafarsa ga birki a kan yi kamar daƙiƙa ɗaya. Cikin daƙiƙar nan mota mai gudun kilomita 60 ta riga ta ci kusan mita 17. In an haɗa ya zama mita 37. Babbar mota da aka labta wa buhunan albasa ta fi haka nisa kafin ta tsaya.

Da ruwan sama abin ya kan ƙara muni, don ruwa na shiga tsakanin taya da kwalta kamar yadda laka ke shiga tsakanin ƙafa da ƙasa. Mita 20 ɗin nan ya iya komawa 35, ko fiye. Ruwan farko na damina ya fi kowanne haɗari, gama yana haɗuwa da ƙura da man da suka taru bisa titi duk rani. Zanen da ke jikin taya ba ado ba ne, hanyoyi ne da ruwa ke bi ya fita don roba ta sami kwalta ta kama. Taya in ta suɗe, hanyoyin nan sun shafe. Mai motar da ke jinkirin canja suɗaɗɗiyar taya yana cewa tsimi ya ke yi, amma ganganci ne da ran mutane.

Faɗin mita 37 da baki ba ya nuna wa yaro nisansa. Malami ya iya fita da 'yan ajinsa filin makaranta, ya auna mita 37 da igiya, ya kafa tsinke a kowane gefe. Wajen taku 60 ke nan na ƙaramin yaro. Sai yaro ɗaya ya tsaya nan, ɗaya can, sauran su duba tsakaninsu. Motar da ke gudun kilomita 60, in ta riga ta shigo tsakanin tsinkayen nan biyu kafin yaro ya sa ƙafa bisa titi, ba za ta iya tsayawa kafin ta iso shi ba, kome gwanintar direba. Bayan haka a ƙara mita 15 saboda ranar ruwa, a matsar da tsinke ɗaya, yara su sake dubawa.